Dutsen da Na Nuna wa Baba

Ni dai ba kallon ƙwallo ya kai ni Birnin Gwari ba. Ƙarti ashirin da biyu suna bin fata guda a cikin rana, ban taɓa gane daɗin abin ba, kuma ba na jin zan gane. Ƙanena Auta ne ya kira ni ranar Laraba, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya Saliha, ki zo ki yi wa Baba magana. Ya ce ranar Litinin zai koma gida."

Gida a bakin Baba ba ɗakuna biyun da suke haya a unguwar Magajin Gari ba ne. Unguwar Tozo yake nufi, ƙauyenmu na gindin dutse, inda 'yan bindiga suka tashi kowa shekara shida da suka wuce. Tun da aka yi sulhu hanya ta ɗan buɗe, samari suna shiga suna fita, shi kuwa Baba zama ya gagare shi. Sana'arsa zuma ce. Tun ina yarinya na san shi da saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau bishiya ya rataya don ƙudan zuma su shiga. Duk wata ɗorawa da kaɗanya da kirya da ke jikin dutsen Tozo ya san ta, wasu har suna ya ba su. Yanzu yanar ido ta rufe masa na hagu gaba ɗaya, na daman ma sai ya kai abu dab da hancinsa yake gani.

Muka taso daga Kaduna ranar Juma'a, ni da mijina Salim da 'yarmu Bushira. Salim mai hoto ne, na biki da suna da walima, kuma ɗan birni ne na gaske. Tun daga Buruku ya fara addu'a, duk wadda ya sani sai da ya karanta, da suka ƙare ya koma farko. Ban yi masa dariya ba, don ni ma a zuci abin da nake yi ke nan.

Muna shiga gida na ga amya goma sha ɗaya sabbi ful an jere su a tsakar gida. Huraira, matar Auta, ta ce ko wurin shanya ba ta da shi yanzu. Na gaida Baba, na sha ruwa, ban bari ma na huta ba na fara.

"Baba, wa zai hau maka bishiya?"

"Auta."

"In mutanen nan suka dawo fa?"

"Sai su same ni. Shekara shida ina zaune ina sauraron injin niƙan maƙwabta, Saliha. Na gaji."

Ni mai saurin fushi ce, kowa a gidanmu ya sani. Na faɗi na ƙara, na kawo shekarunsa, na kawo idonsa, na kawo sunayen waɗanda suka shiga dajin nan ba su fito ba. Ya bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ya ce, "Na ji. Ba zan tafi a makance ba. Gobe ana wasan su Auta a filin firamare, daga kan fan dutsen nan da ke bayan filin ana hango Tozo. Mijinki ya ɗauko min shi a hoto in kawo kusa in gani. In yana nan yadda na bar shi zan tafi, kada wanda ya sake ce min komai. In na ga ba hali, na haƙura."

Auta yana gefe yana wanke takalmin ƙwallonsa. Ya ce, "Baba, da nisa fa. Kyamara ba za ta kai ba."

Da ya san halin Salim da bai faɗi haka ba. Nan take mutumin nawa ya buɗe jaka ya fito da wata kyamara mai dogon hanci kamar taɓarya, ya ce da ita ya taɓa ɗauko fuskar liman daga ƙarshen sahun idi. Baba ya yi dariya ya shafa ta. Auta ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya fita. Na ɗauka tsoron hanya ne yake damunsa, irin wanda yake damuna.

Ranar Asabar bayan la'asar muka ɗunguma zuwa fili. Ƙarshen damina ne, an yi ruwa da asuba, sararin sama ya wanku tas. Huraira ta ɗauko tabarma da zoɓo a jarka da dafaffiyar gyaɗa, muka shimfiɗa a gindin mangwaro. Wasan ƙarshe ne na wani kofi da matasan unguwanni suka haɗa, 'yan Tozo da 'yan Tasha. 'Yan Tozo duk yaran ƙauyenmu ne da suka girma a gidajen haya, wasunsu ba za su iya kai ka ƙofar gidan ubansu ba, amma sunan suke ɗauke da shi a bayan riga. Auta ne golansu.

Mun tarar da Baba Isaiah ya riga mu. Abokin Baba ne tun suna samari, mutumin Gbagyi daga ƙauyen da ke bayan namu, rana ɗaya aka tashe su. Shi ne idon Baba a wurin ƙwallo, sai dai ido ne mai ƙarya. Ƙwallo tana tsakiyar fili zai ce, "Isiyaku, ɗanka ya faɗi, an ci ku." Baba ya ce, "Ƙarya kake, da an ci da na ji 'yan Tasha." Haka suka yi ta yi, Bushira tana tsakaninsu tana ɓare musu gyaɗa tana tona asirin Baba Isaiah.

Gaskiya Auta ya yi ƙoƙari a zagayen farko. Akwai wadda aka buga masa daga kusa, ya yi tsalle ya ture ta da yatsu ta bi ta saman ƙarfe, fili ya ɗauki ihu. Baba ya miƙe zaune yana tambaya, "Shi ne? Shi ne?" Da aka ce masa shi ne, sai ya gyara hula ya ce ai hawan bishiya ne ya koya masa tsalle. Aka tafi hutu ba wanda ya ci wani.

"To, mai hoto," in ji Baba. "Rana tana yi."

Fan yana nan bayan ragar da Auta ya tsare, shimfiɗaɗɗen dutse ne mai ɗan tudu, hawan minti uku. Ni da Salim muka hau. A can sama muka tarar da wani ɗan banga zaune da bindigarsa a kan cinya, ido ɗaya a fili ɗaya a daji. Yana ganin kyamara ya miƙe.

"Hoton me za a ɗauka?"

A garin nan ba a nuna daji da kyamara haka kawai, yanzu a ce kai ɗan leƙen asiri ne. Salim ya fara in-ina yana laluben katin shaidarsa. Na ce, "Ni 'yar Malam Isiyaku mai zuma ce, na Unguwar Tozo. Dutsenmu yake son gani."

Mutumin ya dube ni, ya koma ya zauna. "Allah sarki. To ku ɗauka."

Daga nan daji ya shimfiɗu har iyakar gani, ga duwatsu uku sun taso daga cikinsa can yamma. Na tsakiya ya fi kyau, bishiyoyi sun rufe shi ruf, kore har yana yin baƙi. Na nuna shi na ce, "Baban Bushira, ga Tozo can."

"Wancan na su Isaiah ne," in ji ɗan bangan, bai ko juyo ba. "Naku na hannun dama."

Kunya ta kama ni. A gindin dutsen nan aka haife ni, amma daga gindinsa kawai na san shi, ina shekara goma sha biyu aka kai ni makarantar kwana, daga nan sai aure. Na dubi na hannun daman. Fari-fari ne, kamar bai sha damina ɗaya da sauran ba. Salim ya saita kyamara, ya murɗa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗauki hoton ya miƙo min.

Ciyawa ce kawai da duwatsu tsirara. Babu bishiya daga gindi har kusan ƙoli, sai ɗigo-ɗigon kututture, kamar kan yaron da aka yi wa aski da reza marar kaifi. Wata jar hanyar mota ta yi kwana-kwana ta hau jikinsa. Hayaƙi yana tashi a wuri biyar, fari, a miƙe.

Ina nan riƙe da kyamara na ji numfashi a bayana. Auta ne, ya baro 'yan wasansu a gindin raga ya biyo mu da gudu, ko safar hannu bai cire ba.

"Mene ne wannan?" na ce.

"Gawayi ne, Yaya."

"Su wa?"

"Kowa."

"Har da kai?"

Ya dubi ɗan bangan, ɗan bangan ya mai da ido kan fili. Ni duk tsawon wannan lokaci an ce min Auta yana bin motocin kaya, ban taɓa tambayar wane kaya ba.

"Da hanya ta buɗe na je duba gidanmu," ya ce. "Na tarar wasu sun riga sun zo da injin yanka, ba ma 'yan nan ba ne. Kwana biyu ina tsaye ina kallo. Na ce in na bari baƙi za su kwashe duka, mu masu wurin ko buhu ɗaya. Rana ta uku na shiga."

"Bishiyoyin Baba, Auta. Waɗanda kake riƙe masa igiya yana hawa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da hannunka ya ƙi. Mutum yana zaune yana saƙa amya a gabanka, kana kallonsa, kana fita da safe kana ƙona inda zai rataya. Wace irin zuciya ce da kai? Shi ya sa ka kira ni, ba tsoron 'yan bindiga kake ba, so kake in zo in tare maka shi."

Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Salim yana ta "Ya isa, Maman Bushira," ni kuwa ko a jikina. Auta ya tsaya yana sauraro, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da na tsagaita sai ya ce, a hankali, "Abincin da kika ci jiya a gidanmu daga nan ya fito. Maganin idon Baba ma haka. Buhun da nake aiko miki Kaduna duk wata kuma, daga ina kike tsammani yake zuwa? Ke kika ce min ba ya hayaƙi, yana daɗewa, in ƙaro."

Gaskiya ne. Wata takwas ina dafa wake da gawayin nan, har maƙwabciyata na ɗebar wa ina yi mata alfahari da ƙanena.

Rafali ya busa usur a ƙasa, ana kiran gola.

"Don Allah, Yaya," in ji Auta. "Ku ɗauki na tsakiyan ku nuna masa. Ba zai bambance ba, kore kawai zai gani."

"Ya gani ya ce zai tafi Litinin fa?"

"Zan ce babur ya lalace. Zan ce an hana shiga. Ki ba ni kwana biyu in san yadda zan gaya masa da bakina. Kada ya ji a gaban mutane."

Ya sauka da gudu. Na tsaya ina tunani, in tunani za a kira shi. Hoton gaskiya shi ne zai hana Baba tafiya, abin da ya taso ni daga Kaduna ke nan, ga shi a hannuna. Amma na tuna yadda ya gyara hula ɗazu da aka ce ɗansa ne ya ture ƙwallo. Na ce wa Salim ya ɗauki na tsakiya, ya goge na Tozo. Wauta ce, na sani, ko a lokacin ma na sani.

Salim ya ɗauka har kala shida. Aikinsa ne, kuma dutsen ya ba shi haɗin kai: rana ta faɗo masa ta gefe, wasu fararen tsuntsaye suna wucewa ta gabansa. Na tambayi ɗan bangan me ya sa shi ba a taɓa shi ba. Ya ce rafi ne ya tare mota, ana jiran rani.

Da muka sauko Baba ya miƙo hannu. Na ce ya bari a tashi wasa, hayaniya ta yi yawa. Ya ce to.

Zagaye na biyu ban san me na kalla ba. Abin da na sani, minti kaɗan da farawa aka bugo wa Auta wata ƙwallo daga nesa, marar ƙarfi, irin wadda Bushira ma za ta kama, ta bi ta tsakanin hannuwansa ta shige. 'Yan Tasha suka ɓarke da ihu har da kiɗan galan. Wannan karon Baba Isaiah bai yi tsokana ba, ya ce, "An ci mu, Isiyaku."

"Na ji. Laifin wa?"

"Ta zame masa."

"Hankalinsa ba ya wurin," in ji Baba. Ya juyo da fuskarsa wajena, na yi kamar ina zuba zoɓo.

Aka ƙara wa Auta ta biyu dab da tashi. Magoya bayan 'yan Tozo suka fara zaginsa, wani yana cewa an saye shi. Huraira ta sunkuyar da kai tana tattara ɓawon gyaɗa. Ban tambaye ta ba, amma daga yadda ta ƙi haɗa ido da ni na gane ta san zancen gawayin. Baba Isaiah ma ya sani. Ina jin duk filin nan mutum biyu ne kawai ba su sani ba da safiyar ranar, ni da Baba.

Aka tashi, 'yan Tasha suka ɗauki kofinsu suka zagaya fili da shi a kan babur. Auta ya zo ya zauna a bakin tabarma yana kwance igiyar takalmi. Baba ya sake miƙo hannu.

Salim ya kunna hoton ya ba ni, ni na sa masa a hannu. Ya rufe idon hagu da tafinsa duk da ba ya ganin komai da shi, ya kawo gilashin kyamarar har yana taɓa girarsa. Ya bi shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ma sha Allah," ya ce. "Mijinki ya iya aiki."

"Ka gani ko, Baba?"

"Na gani." Ya miƙa kyamarar gefe. "Ungo, Isaiah. Naka aka ɗauko."

Baba Isaiah ya karɓa. Shi ma shekara shida rabonsa da wurin, kuma gwiwarsa ba ta barinsa hawa kan fan nan. Ya dubi hoton, ya faɗi wata magana da Gbagyi wadda ban ji ba, ya sa gefen rigarsa ya goge ido.

"Saliha," in ji Baba, "shekara hamsin ina zuwa kasuwar garin nan a ƙasa, in na juya zan koma Tozo nake sa wa ido har in isa. Namu kafaɗarsa ta hagu ta fi sauka, kuma yana da tsaga a ƙoli. Idona ne ya mutu, ba ni ba. Ina nawa?"

"Baba, an goge."

"Salim, ka goge?"

Mijina ya dube ni. A shekara tara da aurenmu ban taɓa ganin ya goge hoto ba, ko wanda amarya ta rufe ido a ciki. Ya ce, "Yana nan, Baba."

Wannan karon Baba bai bi hoton gefe zuwa gefe ba. Ya tsaya a wuri ɗaya ya daɗe. Mutane suna ta watsewa, masu rake da masu awara suna haɗa kaya, wasu yara sun shiga fili suna buga ledar da suka ɗaure. Bushira ta matso jikina.

"Wannan farin da ya miƙe, hayaƙi ne?"

"Hayaƙi ne," na ce.

"Guda nawa?"

"Biyar."

Ya sauke kyamarar a kan cinyarsa. "Auta."

"Na'am, Baba."

"Tun bara kake shigo min gida da warin gawayin kirya a rigarka. Na ce a raina daji da faɗi, wataƙila ta wani wurin ce. Ban tambaye ka ba don kada ka gaya min." Ya juya wajensa. "Duka?"

"Saura na ƙoli, inda mota ba ta kaiwa."

"Ɗorawar da ke bayan rumbunmu?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Da hannunka?"

"Na ce gara ni da wani, Baba."

Na zaci zai yi faɗa. Na so ma ya yi, ya zage mu duka, ni da na yi masa ƙarya da wanda ya sare. Bai yi ba. Ya lalubi sandarsa, Auta ya yi wuf zai kama shi, ya janye hannunsa ya ce, "Isaiah, kama ni." Tsofaffin biyu suka yi gaba, mai ciwon gwiwa yana jan makaho, mu muna biye da tabarma da jarka kamar waɗanda suka dawo daga jana'iza. Har muka isa gida Bushira tana tambaya ko Kawu Auta zai sake buga wasa.

Ranar Lahadi da safe muka shirya komawa. Baba ya yi sallar asuba a masallaci ya dawo ya zauna a kan kujerarsa ta ƙofar ɗaki, ya sha koko kaɗan. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan hoton. Ya ce, "Ba komai. Tausayi ne." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Motar da muka yi shata ta tsaya a ƙofar gida, Salim yana saka jakunkuna. Sai ga Auta ya fito daga lungu da buhu a kafaɗa, idonsa jawur, ya nufi but ɗin motar da shi. Ina jin ko tunani bai yi ba, abin da ya saba ne duk lokacin da mota za ta Kaduna.

"Sauke shi," na ce. "Ba na so."

"Mene ne?" in ji Baba daga ciki.

"Ba komai, Baba."

"Saliha, jiya ma haka kika ce."

"Gawayi ne."

Ya taso da sandarsa yana laluben bango har ya fito. Ya ce a ajiye buhun a gabansa. Ya kwance bakin da kansa, ya zura hannu ya zaro guda ɗaya mai kauri kamar damtsen mutum. Ya auna nauyinsa a tafi, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ji ƙararsa, ya kai hanci.

"Kirya ce," ya ce. "Wannan ta girmi ubana."

Ya mai da shi cikin buhun a hankali, ya ɗaure bakin da irin ƙullin da yake yi wa amya.

"Ki tafi da shi. An riga an sare, in kin bar shi ba zai koma ya tsaya ba. Sai dai kada ki riƙa zubawa da yawa, kaɗan ya isa tukunya. Auta, sa mata a mota."

Auta ya ɗaga buhun yana kuka, ba sauti, hawaye kawai suna bin fuskarsa. Baba bai juya wajensa ba, amma jiya ko sunansa bai sake kira ba bayan fili, yau ya kira.

Na ce, "Baba, gobe Litinin fa?"

"Ai kin sami abin da kika zo nema," ya ce. "Ba inda za ni. Huraira, in an jima ki kira masu son kaji su kwashe waɗannan, sa yi akurki da su. Ki sami wurin shanyarki."

Ya juya ya koma ciki yana bin bango.

Salim ya fara addu'o'insa tun kafin mu fita gari. Ni ban iya ko amin ba. Na zo in hana tsoho tafiya, na hana shi, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Hanyar duk ramuka ce, duk ramin da muka faɗa sai na ji buhun ya motsa a bayana, har muka shiga Kaduna.